Igiyar Makau a Hannuna

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa mata duwatsu, ya tara ruwa wuri guda ya ce masa tsaya nan, ya kuma riƙe linzamin iska a hannunsa, ran da ya so ya ja, ran da ya so ya saki. Bayan haka, ni ne Anaruwa ɗan Cindo, ɗan koli daga Birnin Zangarma, inda babban ruwanmu shi ne kududdufin bayan marina. Na yi yawo, na ci tuwon gidaje da yawa, an kore ni daga wasu. Labarin da zan ba ku shi ne na guguwar da mutanen gaɓar Tekun Lazuma suke lissafin shekaru da ita har gobe, don an yi ta ina tsakiya, ɗaure a turke kamar akuyar da ta shiga gonar maƙwabci.

Wani tsoho ne ya ja mini. Ya zo kasuwarmu da dutsen wuya mai girman ƙwan zabo, yana walƙiya. Na ce, "Baba, ina ake tsintar irin wannan?"

Ya ce, "Can kudu. Akan yi wata shekara teku ya tattare kansa ya ja baya, ya bar duk abin da ya haɗiye tun zamanin kakanni a fili. Tsugunawa kawai za ka yi."

Ban tambaye shi abin da ya sa yake zabura in an tsiyaya ruwa kusa da shi ba. Na ɗaure kolina na kama hanya.

Na ratsa Dajin Sunkuye, inda kowace bishiya ta duƙa gefe guda kamar sahun masallata, har tsamiya da kuka. Na tambayi wani mai itace wa ya yi musu haka, ya dube ni ya ƙara sauri. Daga nan na faɗa Fadamar Kadoji. Masu fito na wurin ba sa karɓar komai sai magana ɗaya ta gaskiya, kuma a tsakiyar ruwa suke tambaya. Wanda ya yi ƙarya, jirgin da kansa yake karkata. Mai fiton ya tsayar da gora ya ce, "Kai, kawo taka." Na laluba cikina kaf ban sami gaskiya ko ta miya ba. Na fara cewa ni ɗan sarki ne, jirgi ya kwanta har ruwa ya taɓa gwiwata, wani kada ya buɗe ido ɗaya. Na ce, "Tsoro nake ji." Jirgi ya miƙe tsaf. Mai fiton ya ce, "Ka kusa ciyar da su."

Haka na isa Tungar Gishiri, gari ne a bakin teku, gidajensa a kan dogayen sanduna, bayansa wani dutse mai faɗin kai. A kan dutsen an kafa turaku na icen ƙirya jere da jere, babu doki babu saniya. Na ɗauka tsohuwar kasuwar dabbobi ce.

Wanda ya sauke ni masassaƙin jirgi ne, sunansa Makau, ƙato, mai sanyin magana, in ka gaishe shi da safe sai hantsi amsa take isowa. Matarsa Ladingo ita ke dafa gishiri, 'yar siririya, bakinta ya fi wuƙar wanzami. Ni kuwa in na ga mutum irin Makau hannuna ƙaiƙayi yake yi. Na sa masa ƙaguwa a hula. Na ɗinke masa ƙafar wando. Na koyi muryar Ladingo, in laɓe bayan rumbu in ƙwala masa kira, ya taso daga bakin ruwa da gudu, gizago a hannu. Ladingo takan yi dariya har ta riƙe ƙugu.

"Ƙara masa, baƙo," in ji ta. "Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa biyu lokaci ɗaya ba."

Makau ya ce, "Wata rana zan sassaƙe ka, ɗan tudu."

Na ce, "Kafin ka ɗaga gizagon na kai gida na yi aure."

Kafin wata ya mutu duk gari sun san mu abokan wasa ne.

Ana nan Ladingo ta ɗauki ƙaramin jirginta ta tafi tsibirin da suke kwaso ƙasar gishiri, kamar yadda ta saba. Washegari na fito na ga ƙaguwa sun yi layi suna hawa dutse, tsuntsayen ruwa suna bin su a ƙafa. Babu iska ko ta kaɗa gashin kaza, amma teku yana ɗagowa a hankali yana sauka kamar ƙirjin mai barci. Sama ta yi kalar ruwan baba na marina. Sai wata tsohuwa mai suna Iya Yalwa, wadda igiyoyin gari ke hannunta, ta busa ƙaho daga kan dutse. Na ji maganar tana bi gida gida, ƙasa-ƙasa: Gwaggo na tafe.

Na ce wa Makau, "Wace gwaggon ce ake yi wa busa?"

Ya ce, "Ba a kiran sunanta. In ta zo gidanka ba ta sallama, kuma sai ta sauya wa komai wuri."

Abin da na gani bayan nan ya sa na ce mutanen nan sun haukace. Suka cika jiragensu da duwatsu suka nutsar da su da hannunsu, wai jirgin da ke ƙarƙashin ruwa iska ba ta ganinsa. Suka sauke jinkan ɗakuna, suka buɗe ƙofofi, suka kwance dabbobi. Makau kaɗai ya ƙi nutsar da nasa. Ya tura shi ruwa zai bi matarsa, maza suka taru suka danne shi, suka ɗauko shi sama kamar gungume. Bai zagi kowa ba. Sunanta kawai yake kira.

A kan dutse aka shigar da yara da masu jego wani kogo, aka toshe bakinsa. Kogon ba ya ɗaukar kowa da kowa, saboda haka sauran mutane sai turke. Biyu-biyu ake ɗaurewa, baya da baya, turke a tsakiya, kowa da igiyarsa, an naɗe hannuwa har gwiwar hannu. Ƙullin zarge ne, ja ɗaya ya warware. Amma bakin igiyarka ba a hannunka yake ba, a tafin abokinka ake sa shi.

Na ce, "Iya, ni baƙo ne. A ba ni ɗan ɗaki in kulle kaina."

Ta ce, "Ɗakin zai riga ka tashi, ɗan nan. Juyo."

Tana naɗa ni tana bayani, kamar mai koya wa amarya daka. Wai Gwaggo tana da ido a tsakiyarta. In idon ya zo kanku, iska ta ɗauke, rana ta fito, sai mutum ya rantse an gama. A nan ake mutuwa. Wani zai tuna akuyarsa, wani zai hango dukiya, ya sauka, ita kuma ta juyo. Shi ya sa ba a barin mutum da igiyar kansa. Ba a kuma ɗaure miji da mata, ko wa da ƙane, don in ɗaya ya yi kuka ɗayan zai ja. Abokan wasa ake haɗawa, waɗanda suka saba jin ihun juna suna dariya.

"Taubashin Makau ya rasu bara," in ji ta. "Na kuwa ga yadda kake yi masa. Ba ka da tausayi, kai ya dace."

Ta juya fuskar Makau wajen tudu, tawa wajen teku, don mai mutum a ruwa ba a bari ya kalli ruwa. Ta danna mini bakin igiyarsa a tafin hannu, ta naɗe yatsuna a kai.

"Ko ya haɗa ka da uwarka, kada ka ja sai ka ji ƙahona. In ka ja, kai ka kashe shi."

Iskar ta fara ne daga tudu. Da farko kamar mata na sheƙa, sai ta koma kamar garken shanu a kan gada, daga nan ban san da me zan kwatanta ba, don kunnena ya daina ji, ƙashina ne ke ji. Ruwan sama ba daga sama yake zuwa ba, a kwance yake tafiya. Makau ne ke fuskantarta, jikinsa da turken suka kare ni, duk da haka ina jin ƙiryar nan tana lanƙwasa a gadon bayana kamar kara. Na ga rumbu ya wuce ta kaina da hatsinsa. Na ga jaki a sama, ƙafafunsa na tafiya. Gidajen Tungar Gishiri suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna shiga teku. Na karanto duk addu'ar da na iya, ba ta da yawa, na ƙare na sake daga farko. Na jiƙa wandona, ba wanda ya sani, don kowa a jiƙe yake.

Sai aka yanke iskar, kamar an rufe ƙofa.

Rana ta fito. Kewaye da mu gajimare ya tsaya kamar ganuwa, baƙi, yana juyawa a hankali, mu kuma muna ƙasan rijiya. Tsuntsaye suka riƙa faɗowa kan dutse a gajiye, wani ya sauka a kafaɗata bai ko dube ni ba. Shirun nan ya fi ƙarar ban tsoro. Ina jin haƙoran wata mata a turken kusa suna kaɗawa.

Na duba gabana, babu teku. Iska ta kore shi har inda ido ya ƙare. Ga laka tana sheƙi, ga kifaye na tsalle, ga haƙarƙarin manyan jirage na dā a kwance, tuluna da akwatuna a warwatse, wani abu na walƙiya nan da can. Abin da ya baro ni da gida ke nan, an shimfiɗa mini shi kamar tabarmar ɗan koli, ni kuwa ko yawu babu a bakina.

Makau ya ce, muryarsa a dushe, "Ɗan tudu, kana da rai?"

"Rabi."

"Me kake gani?"

Ni bakina in tsoro ya kama ni ba ya tsayawa. Na shiga zuba. Na ce ga kifi ya fi ɗakinka girma, ga jirgi mai hawa uku, ga tukunya da za a dafa wa gari guda, ga wani ɗan ƙaramin jirgi can nesa a kafe cikin laka, an shafa masa shuni a hanci.

Na ji bayansa ya sandare a jikin turken.

"Shuni a hanci?"

Sai a lokacin na tuna wa na gani tana shafa wa jirginta shuni.

"Akwai mutum a ciki?"

Akwai. Na ga ɗan jan ɗankwali yana motsi. Na ce, "Babu kowa. Wofi ne."

"Ƙarya kake. Ja igiyar."

"Makau, Iya ta ce..."

"Ja igiyar, Anaruwa." Bai taɓa kiran sunana ba sai ran nan. "Na san lakar nan, na san inda take da tauri. In je in ɗauko ta in dawo."

Na ɗaga ido. Can bayan jirgin, inda ƙasa ta haɗu da baƙar ganuwar, wani farin zare ya bayyana, siriri, daga wannan gefe zuwa wancan. Ina kallonsa yana kauri.

A sauran turaku ma an fara. Wani na roƙo, wani na zagi, wani dattijo na kuka yana cewa a bar shi ya ɗauko tunkiyarsa kawai. Na ga wani saurayi ya zame daga igiyarsa, abokinsa ya ja masa, ya gangara dutse da gudu. Iya Yalwa, ita ma a ɗaure, tana ta faɗin kada a ja, kada a ja.

Makau ya ce, "Na ciyar da kai. Ka yi mini abin da ka ga dama a gidana ban taɓa ɗaga maka hannu ba. Abu ɗaya na roƙe ka."

Na ce, "To, tsaya, ina ja." Na motsa yatsuna a jikin turken don ya ji. "Ta cije. Ruwa ya kumbura ta."

"Ja da ƙarfi."

"Ina yi. Saki numfashi, cikinka ne ya matse ta. Tun yaushe nake ce maka ka rage tuwo?"

Ya saki numfashi. Na yi nishi, na yi gurnani, na ce saura kaɗan, na ce ta fara zamewa, na ce ya karkata hagu. Ya karkata. Na ce dama nake nufi. Ban taɓa yi wa mutum wasa ina kuka ba sai ran nan. Farin zaren ya zama bango, na fara jin ƙuginsa a tafin ƙafata.

Sai Makau ya daina motsi. Da ya sake magana, a hankali ya yi ta.

"Ƙullin Iya ba ya cijewa. Taka igiyar tana hannuna. In ba ka ja ba, zan ja."

"Makau, in ka kwance ni iska za ta ɗauke ni."

"Na sani."

Na dubi bakin igiyarsa a hannuna. Ja ɗaya, in tsira da tawa. Na so in ja, wallahi na so. Amma ina ganin abin da ba ya gani, kuma na san ko gangaren dutsen ba zai gama ba. Na ce, "Ba zan ja ba."

Ya ja.

Igiyata ta zube a ƙafafuna kamar mataccen maciji. Tsuntsun da ke kafaɗata ya tashi. Rana ta mutu. Na buɗe hannu na saki bakin igiyarsa, don in iska ta fizge ni kada in tafi da ƙullinsa, na juya na rungume turken da shi gaba ɗaya.

Wannan karon iskar daga teku ta zo, kuma da teku ta zo. Bugun farko ya ɗaga ƙafafuna sama, na zama tuta. Yatsuna suka fara zamewa daga rigarsa. Sai na ji an damƙe wuyan hannuwana biyu, damƙar mai riƙe gizago. Ruwan gishiri ya hau dutsen nan da ake hawa da haki, ya zo gwiwa, ya zo ƙugu, ya bugi bayana da itace da mushen dabba da abin da ban so in sani ba. Kowane ja da baya sai ya nemi tafiya da ni. Na ji ƙashin hannuna na hagu ya karye ƙaras a cikin tafinsa, bai sassauta ba, ni ma ban roƙa ba.

Da la'asar sakaliya ƙahon Iya Yalwa ya yi kuka. Sai da maza biyu suka ɓamɓare yatsun Makau daga hannuna.

Babu Tungar Gishiri. Ko sandunan gidajen babu, sai yashi sumul kamar ba a taɓa hura wuta a wurin ba. Waɗanda ke kogo sun fito da rai. A kan dutse, duk turken da igiyarsa ke ɗaure, akwai mutum a jiki. Waɗanda aka ja musu, igiya ce kawai ke lilo, kuma abokan da suka ja suna zaune a gindin turakun ba mai iya kallonsu. Rijiyoyi duk sun zama gishiri. Gonakin shinkafa sun ƙone kamar an bi su da wuta. Aka nutsa aka kwashe duwatsu daga jirage, suka taso lafiya lau, su kaɗai ne abin da garin ya mallaka.

Makau ya duba karayar hannuna. Ya ɗaure mini hannu da tsinken kara, ya ɗauki gora, ya kama hanya. Na bi shi, bai ce in koma ba.

Muka bi gaɓa gari gari. Inda suke da turaku mun tarar da mutane suna haƙa sabuwar rijiya. Inda suka dogara da katangar dutse ko babban ɗaki mun tarar da ungulu. A wani gari tsohuwa ɗaya ta rage, tana share filin da ɗakinta yake dā. A wani kuma mutane sun kwashe sun nufi tudu da tukwane a ka, sun rantse jikokinsu ma ba za su ga teku ba. Kowa muka tambaya jirgi mai shuni a hanci, sai ya nuna mana wajen tudu, inda ruwan ya bi.

A Dajin Sunkuye muka sami jirgin, tafiyar yini daga gaɓa, a saƙale cikin rassan wata tsamiya. Makau ya hau. Ladingo tana ciki. Ta ɗaure kanta da mazaunin jirgin, ɗauri mai kyau, teku bai iya raba su ba. Ya kwance ta da hannunsa ya sauko da ita a kafaɗa. Muka haƙa kabari da gora da hannuna ɗaya, muka yi mata abin da ya sawwaƙa.

Muka zauna a gindin tsamiyar.

"Ka gan ta ran nan," in ji Makau.

"Na gan ta."

"Tana kallon dutse?"

"Ta sunkuya. Ina jin ɗaurin nan take yi."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗebi ƙasa ya murza ya zubar.

"Da ka ja, da na isa gare ta?"

Na sha auna nisan nan a raina, daga dutse zuwa jirgin, daga jirgin zuwa farin bangon. Wata rana lissafin ya ce a'a. Wata rana ya ce da zai isa, ya kama hannunta, ruwan ya same su tare. Ban san wanne ya fi so ya ji ba.

Na ce, "Da ba ka isa ba."

Ya ɗago ya dube ni da jajayen idanu.

"Kai maƙaryaci ne, ɗan tudu."

"Haka ne."

Ya mai da kansa jikin tsamiyar ya rufe ido.

"Sake faɗa," ya ce.

Na sake faɗa masa.